Inda Kududdufi Ya Koma: Fili, Layi da Sana'ar Bulo a Gyadi-Gyadi da Tarauni

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun yadda gonakin kudu maso gabashin birnin Kano suka zama unguwannin Gyadi-Gyadi da Tarauni. Ta haɗa abubuwa uku da aka saba nazarinsu daban-daban: yadda ake auna fili, siffar hanyar da ke ratsa tsakanin gidaje, da abin da ake tayar da katanga da shi. Abin da take son nunawa shi ne ukun nan tare suka sauya, kuma wanda ya fi barin tabo a cikinsu shi ne ƙaurar ramin da ake haƙo ƙasar gini, daga bayan gida zuwa bakin kogi.

Shimfiɗa

Da sanyin safiya, kafin masu adaidaita sahu su cika Titin Zariya, akwai motocin da kan riga kowa fitowa: tifofin yashi. Suna shigowa daga wajen Tamburawa, su ratsa Na'ibawa da Unguwa Uku, ruwa yana ɗiga daga bayansu a kan kwalta. Wasu su karkata cikin layuka, wasu su zaga ta Hotoro su faɗa Titin Maiduguri. Inda za su juye kayan ba ɓoyayye ba ne: filin da ba a kai ga ginawa ba, da rumfar kwano, da inji mai jijjiga, da sahu-sahun bulo ana yi masa ban ruwa. Shekaru saba'in da suka wuce, mai son yin gini a wannan wuri ba ya jiran mota. Ƙasar ɗakinsa tana ƙarƙashin ƙafarsa.

Tarauni ƙaramar hukuma ce tun 1996, hedikwatarta kuma tana Unguwa Uku. Faɗinta murabba'in kilomita 28 ne kacal, amma ƙidayar 2006 ta samu mutum 221,367 a cikinta, wato kusan mutum 8,000 a kowane murabba'in kilomita. A nan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, wanda aka kafa a 1988, ga Babbar Kotun Tarayya a Gyadi-Gyadi, ga kasuwar waya ta Fam Santa, ga tashar motar Unguwa Uku da ba ta barci.

Sai dai sunayen mazaɓunta goma ba su manta da asali ba. Ƙauyen Alu har gobe ƙauye ake ce masa, ko da yake birni ya haɗiye shi tuntuni. Unguwar Gano da Babban Giji sunaye ne irin na ƙananan matsugunan karkara. Darmanawa da Daurawa suna ɗauke da ɗafin nan na "awa" da Bahaushe ke laƙaba wa jama'ar da suka taso daga wuri guda ko zuriya guda suka zauna tare. Ragowar su ne Tarauni kanta, da Hotoro, da Unguwa Uku, da Gyadi-Gyadi wadda yawan jama'a ya sa aka raba ta Arewa da Kudu.

Taki iri biyu

Ƙasar da ke kewaye da ganuwar Kano ba daji ba ce da birni ya tarar. Michael Mortimore, wanda ya yi nazarinta a shekarun 1960, da Polly Hill, wadda littafinta na 1977 ya dubi Dorayi, duk sun nuna cewa gonakin wannan yanki kusan ba sa hutawa. Kowace damina ana noma su, abin da ke riƙe da su kuwa shi ne takin da jakuna ke ɗebowa daga cikin Birni da rani, su koma da itace da kara da hatsi. A tsakanin gonakin akwai ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo, kowace bishiya da mai ita. Akwai kuma gandayen sarauta, waɗanda sunayensu suka rage a Gandun Albasa da Nassarawa, maƙwabtan yankin da ake magana a kai.

Gona a wancan zamani tana shiga hannun mutum ta gado ko saye ko aro ko jingina ko kyauta, shaidarta kuma tana bakin mai unguwa da dagaci da dattawan da suka san iyaka. Bayan Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, sai wani taki na daban ya shigo: malaman taki, masu auna gona da takun ƙafa domin a yanka mata haraji. Dokar filaye ta 1910 ta ɗora ikon ƙasar Arewa duka a hannun Gwamna, dokar 1962 ta Jihar Arewa ta ci gaba a kan wannan turba. A takarda kenan. A gona kuwa manomi ya ci gaba da sayarwa da jinginarwa kamar yadda ya gada, har ranar da birni ya iso bakin kunyarsa.

Tubali da raminsa

Gidan manomin wancan lokaci, in ya wuce na dangar kara, na tubali ne. Aikin na rani ne, bayan an gama girbi hannaye sun samu sarari. A haƙo jar ƙasa, a jiƙa ta, a zuba mata ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake tattakewa. Sannan a riƙa cura ta da hannu, ba tare da wani ma'auni ba, mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera a rana har ta bushe. Magini yana zaune a kan katanga ana jefo masa tubali ɗaya bayan ɗaya, yana dasa su tsini sama, yana cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Katangar tana da kauri a ƙasa, tana sirancewa yayin da take tashi.

Sauran kayan ma na kusa ne. Azara daga giginya take, kuma da yake ba ta ɗaukar nauyin rufi in tazara ta wuce kimanin ƙafa shida, sai magina suka ƙirƙiro dabarun ɗaurin guga da bakan gizo domin su faɗaɗa soro. Makubar da ake yaɓe da ita daga ɓawon ɗorawa ake samunta, wato daga bishiyar da ke tsakiyar gonar mai gidan. Laso, wanda masu hali ke shafe soro da shi don kada ya yi yoyo, haɗi ne na katsin marina da gashin jima da dafara, saboda haka marini da majemi duk suna da hannu a rufin maƙwabcinsu. Wanda yake son ganin iyakar abin da wannan fasaha ta iya, Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa suna nan tsaye, na biyun ma a Nassarawa yake, tafiyar 'yan mintuna daga Gyadi-Gyadi.

Abin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne ramin. Duk katangar da ta tashi, wani wuri ya zurma. Unguwa tana girma, raminta yana faɗaɗa, har ya zama kududdufi. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ga irin waɗannan tafkuna a cikin Birni, bai kuma yaba musu ba. Yana da gaskiyarsa: kududdufi gidan sauro ne, juji ne, kuma ya ci yara ba adadi. Amma shi ne kuma mafi ƙasƙancin wuri a unguwa, don haka duk ruwan da indararo ya zubo can yake gangarawa. Babu injiniyan da ya zana wannan. Yawan ginin unguwa shi ke ƙayyade girman ramin da zai karɓi ruwanta, domin daga cikinsa ginin ya fito.

Lungu ma ɗan tubali ne. Katangar ƙasa ba ta damu da miƙewa ba, tana iya kewaye bishiya ko rijiya ko kabari ta wuce. In an raba gado, sai a tsaga gida, a fasa sabuwar ƙofa, a bar 'yar hanyar da za ta kai ga zauren ƙane. Faɗin da ake bukata bai wuce na jaki da mangalarsa ba, ko na mutum huɗu ɗauke da makara. Wanda ya shiga tsoffin cibiyoyin ƙauyukan da ke cikin Tarauni zai ga hanya ta karkace babu dalilin da ido zai gani. Dalilin yana nan, sai dai an sare shi ko an cike shi.

Awon gwamnati, awon igiya

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya biyo baya, Waje, wato unguwannin bayan ganuwa, ta fara cika. Amma ɓangaren kudu maso gabas bai ji nauyin birni sosai ba sai bayan 'yancin kai. Tsarin raya birnin Kano na shekara ashirin, 1963 zuwa 1983, wanda B. A. W. Trevallion ya rubuta rahotonsa, ya zo da tunanin a riga jama'a isa fili, a yanka shi, a bar hanya. Sai aka ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, Audu Bako ya zama gwamna har zuwa 1975, ma'aikata suka yawaita, kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya sauka a aljihu. Malamin makaranta da akawu da ɗan kasuwar da gidan gado ya yi wa kaɗan a cikin Birni duk suka fara neman inda za su kafa nasu. Miƙaƙƙun layukan Gyadi-Gyadi da Hausawa da Tarauni, da rukunin gidajen Kundila, amsar wannan bukata ce.

Kalmomin da suka shigo bakin mutane sun isa shaida. Gona ta zama fuloti ko fegi. Ba a ƙara cewa daga kukar nan zuwa waccan tsamiya ba, sai hamsin da saba'in da biyar, ko hamsin da hamsin, da ƙafa. Dillali ya samu sabuwar haja da sabuwar la'ada.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ta zamanin mulkin soja na Obasanjo, ita ta ƙara wa abin wuta, ta hanyar da masu rubuta ta ba su nufa ba. Dokar ta damƙa filayen jiha amana a hannun gwamna. In ya karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar da za a biya ta abin da ke kan filin ce, amfanin gona da bishiya da gini, ba ta ƙasar kanta ba. Ta kuma taƙaita filin da ba a gina ba da mutum zai ci gaba da riƙewa a cikin birni zuwa rabin hekta. Manomin da ya hango ma'auna sun doso gonarsa ba ya bukatar lauya ya fassara masa wannan. In ya jira, kuɗin dawa da ɗorawa zai karɓa, ko a ba shi wasu 'yan fulotai a madadinsu. In ya riga su, shi zai sayar da kowane taku. Sai ya kira dillali da mai unguwa, a ɗauko igiya, a yayyanka. Wannan shi ne abin da Kanawa ke kira awon igiya, kishiyar awon gwamnati.

Saboda haka hanya iri uku ce a Tarauni, kuma mai ido zai iya bambance su ba tare da ya ga takarda ba. Akwai lungun tsohon ƙauye, mai lanƙwasa. Akwai layin awon gwamnati, wanda mota biyu ke giftawa a cikinsa, da gurbin kwata a gefe ko da ba a gina ta ba. Sai layin awon igiya, wanda ya ari miƙewar na gwamnati ya bar faɗinsa, domin duk ƙafar da aka bar wa hanya kuɗi ne ya fita daga aljihun mai gona. A irin wannan awo ba kasafai ake tuna makaranta ko maƙabarta ko inda ruwa zai bi ba. Ba daidai ba ne a ɗora laifin duka a kan manomi: doka ce ta nuna masa cewa haƙurinsa asara ne.

Gidan bulo

Dokar da ta ce gini ake biya ba fili ba, ita ce ta yi wa bulon siminti kasuwa. Wanda ya sayi fegi a awon igiya, takardarsa ta hannu ce, da sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa. Abin da zai kare shi daga mai cin iyaka, da dillalin da ke sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, shi ne a ga alama a ƙasa. A zuba harsashi, a ja katanga sahu huɗu ko biyar, in da hali a yi ɗaki ɗaya a sa maigadi. Tubali ba zai iya wannan aiki ba. Katangar ƙasar da ba a rufe ba, ba a kuma yi mata yaɓe duk shekara, damina biyu ta ishe ta. Bulo kuwa yana iya shekara goma a tsaye yana jiran mai shi.

Wannan haƙuri na bulo shi ya mai da shi asusun ma'aikaci. Albashi ya zo, a sayi ɗari biyu a jibge. An samu rarar kasuwa, a kai gini linta. Bayan shekara uku a sa kwano. Kangwayen da ke cike da bayan gari, waɗanda baƙo kan ɗauka ayyukan da suka lalace ne, yawancinsu gidaje ne da ake tara su sannu a hankali.

Gidan bulo kansa ba ya bukatar abu mai yawa: fili, ruwa, yashi, siminti, katakon ɗora bulo, da ko dai ma'aunin ƙarfe na bugun hannu ko injin bugawa. Haja iri biyu ce ta fi tafiya, inci shida da inci tara, na farko don raba ɗakuna da katanga, na biyu don inda nauyi zai sauka. Aikin a rarrabe yake. Akwai masu kwaɓi da shebur, da mai riƙe inji, da masu kwashe ɗanyen bulo su jera, da mai ban ruwa, da masu lodi da saukewa waɗanda ake biya bisa ƙwaya. Da yawansu 'yan ci-rani ne, kamar dai kakanninsu masu curin tubali, sai dai yanzu aikin ba ya jiran rani.

Duk sirrin sana'ar yana cikin tambaya ɗaya: bulo nawa za a fitar daga buhu ɗaya mai kilo 50? Masana gini sukan ba da shawarar awo ɗaya na siminti ga awo shida na yashi, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta ƙasa kuma tana da ma'aunin ƙarfin da bulo ya kamata ya kai. Amma mai saye farashi yake fara tambaya, mai bugawa kuma ya san haka. Da buhu ya yi tsada, kamar yadda ya haura naira 10,000 a farkon 2024, hanya biyu ce a gabansa: ya ƙara kuɗi abokin ciniki ya tsallaka gidan gaba, ko ya ƙara yashi ya yi shiru. Ga kuma batun ban ruwa. Siminti yana bukatar danshi na kwanaki kafin ya kama, ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai wajen kwana 28, amma a wurin da ruwa na saye ne kuma mota tana jira, bulon kwana uku ma yakan hau baya. Shi ya sa birkilan kirki ba ya yarda da ido. Yakan karce bulo da ƙusa, ko ya ɗaga ɗaya ya sake shi ya ga abin da zai faru.

Wani abin lura shi ne gidan bulo baƙo ne a duk inda yake. A filin wani yake zaune, haya ko aro, yana buga bulon da za a gine unguwar da shi, har ranar da mai filin zai ce shi ma ya tashi gini. Sai a naɗe rumfa a matsa gaba. Da haka sana'ar ta yi ta ja da baya daga tsakiyar Gyadi-Gyadi zuwa gefen Hotoro da hanyar kewaye ta gabas da Mariri da Na'ibawa, kullum tana bakin iyakar birni.

Simintin kuwa daga nesa yake zuwa. Masana'antar Kalambaina ta Sakkwato ta fara aiki a 1967, ta Ashaka a 1979, daga baya Obajana ta shigo da girmanta. Wani abin mamaki shi ne biyu daga cikin manyan kamfanonin siminti uku na Nijeriya na Kanawa ne, Aliko Dangote da Abdussamad Rabi'u, amma ko buhu ɗaya ba a ƙasar Kano ake haƙo dutsensa ba. An taɓa gwada wata hanya ta tsakiya. A shekarun 1970 hukumar ma'adinai ta tarayya ta kafa masana'antun gasa bulo a wasu garuruwa, har da Kano, sunan unguwar Janbulo ma daga irin wannan gini ya samo asali. Jan bulo yana da kyau da ƙarko, amma yana son babban murhu da jari mai nauyi, alhali bulon siminti mutum biyar da ma'auni ɗaya sun isa su fara shi gobe.

Ruwan Agusta

Ramin bai ɓace ba, ƙaura ya yi. Yanzu yana gaɓar Challawa da Kogin Kano da wajen Wudil, inda ake ɗebo yashi, gaɓa tana zaizayewa tana cin gonakin mutanen da ba su taɓa kwana a Tarauni ba. A cikin unguwa kuwa, tsoffin kududdufan da suka rage sun zama filaye masu daraja: a cike su da shara da ɓaraguzai, a yanka, a sayar. Ga rufin kwano da tsakar gida mai daɓen siminti, waɗanda ba sa shan ko ɗigo. Ruwan da a da gona ke shanye rabinsa kududdufi ya karɓi saura, yanzu duka layi yake fitowa, in layin na awon igiya ne kuma babu kwatar da za ta tare shi. Gidan da aka gina a kan cikakken kududdufi shi ke fara sanin an yi ruwa da dare.

Zafi ma yana cikin lissafin. Katangar ƙasa mai kauri tana jinkirta zafin rana ya kai ciki sai dare ya yi, bulo mai rami da kwano kuwa nan take suke miƙa shi, abin da duk wanda ya yi watan Afrilu a ɗakin haya babu wuta ya sani a jikinsa.

A ƙasar Hausa ta Nijar an nuna cewa ginin ƙasa bai ƙare ba. Masallacin Yama na jihar Tawa, aikin magini Falke Barmu, ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci a 2018 da bulon jar ƙasa da aka matse da inji, suka mai da tsohon masallacin ɗakin karatu. A Nijeriya ma cibiyar binciken gini da hanyoyi ta tarayya, wadda aka kafa a 1978, ta ƙera injin matsa irin wannan bulo. Mai maƙalar nan yana ganin dabarar ta dace da sabbin unguwannin bayan gari fiye da yadda masu tsara birni suka ɗauke ta, musamman in tun a wurin awo aka ware inda za a haƙa, aka kuma bar ramin ya zama matattarar ruwa mai shinge.

Ga Gyadi-Gyadi da Tarauni dai wannan dama ta wuce, domin babu sauran inda za a sa diga. Tsoffin gidajen ƙasar da suka rage a cibiyoyin ƙauyukan da, yawanci an yi musu rigar siminti, wadda ke riƙe danshi a ciki har ta ɓamɓaro faifai guda bayan 'yan damuna. Mai irin wannan gida in ya tashi gyara, jar ƙasar ma a tifa zai saye ta, ko kuwa ya jira maƙwabci ya haƙa masai ya roƙi abin da aka fitar.